Kiwon Shanun Nama da Ciyawa Zalla a Gandun Gida: Mataki Bayan Mataki

Tambayar da ta fi yawan zuwa daga Argungu, Jega, Bunza da Yawuri, har zuwa Gummi da Talata Mafara, kusan iri ɗaya ce. Gida yana da gandu, akwai 'yan shanun da aka gada, kuɗin dusa da angurya ya fi ƙarfin aljihu. To, ana iya fitar da sa mai nama da ciyawa da harawa kaɗai? Ana iyawa. Sai dai mai wannan kiwo manomin ciyawa ne kafin ya zama makiyayi, kuma abin da ya rage a rumbu a watan Afrilu da Mayu shi ke yanke yawan shanun da gida zai riƙe. Korayen watan Agusta ruɗi ne.

1. A zauna a gida tukuna

Kafin a kafa ko turke ɗaya, maigida ya tara ƙanne da 'ya'ya da matan da ke da dabba a garken. A samu littafi a rubuta kowace saniya: launinta, alamar kunnenta, shekarunta, da mai ita. A garken gandu akan tarar da saniyar sadakin wata, da ta marayu, da wadda aka ba wani jika kyauta ranar suna, duk a haɗe. Muddin dattijo yana raye kowa ya san tasa. Ranar da ya kwanta dama ake jin magana biyu.

Abu uku za a yanke a wannan zama. Na farko, wane yanki na gona za a ware wa ciyawa, kuma a amince ba za a mayar da shi gero ba har shekara biyar. Na biyu, wa zai riƙa kiwo kullum, kuma me zai samu. Yaron da ke bin shanu ba tare da ya san akwai maraƙin da zai zama nasa ba, rani ɗaya zai yi ya tafi cirani. Na uku, wa ke da ikon cewa a sayar. Mutum ɗaya ne, bayan shawara.

Gargaɗi: in gandun bai riga ya shiga rabon gado ba, kada a zuba kuɗin shinge da rijiya sai magada sun sa hannu a gaban mai unguwa ko hakimi.

2. A auna ciyawa kafin a ƙirga shanu

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke kashe garke. Dabba tana cin busasshen abinci kimanin kilo biyu da rabi a kan kowane kilo 100 na nauyinta a rana. Saniya mai kilo 250 ke nan tana bukatar kilo 6 zuwa 7 kullum. A arewacin Kebbi da yawancin Zamfara ruwa yana tsayawa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ciyawa ba ta sake kamawa sosai sai Yuni. A lissafa kwana 210. Saniya ɗaya za ta ci kusan kilo 1,400 a wannan tsakanin, shanu goma tan 14. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da za su tattake da abin da gara za ta ci, ya zama tan 16 zuwa 17.

Yanzu a ɗauki sikelin rataye a auna damin kara ɗaya, damin harawa ɗaya, buhun kowar wake ɗaya. A ninka da yawan abin da gandun ke bayarwa a shekarar da ruwa bai yi kyau ba. Abin da ya fito shi ne gaskiyar ƙarfin gidan. In lissafi ya nuna shanu shida, a riƙe shida ko da ana da kuɗin sayen sha biyu.

Dajin da ba a shuka komai ba a wannan yanki yakan bukaci hekta uku zuwa biyar ko fiye don riƙe saniya ɗaya shekara guda. Hekta ɗaya ta gamba da aka shuka, aka ba taki, tana iya riƙe ɗaya ko biyu in aka haɗa da ragowar amfanin gona. A wajen Zuru da Yawuri, inda damina ta fi tsawo, lissafin ya fi sauƙi kaɗan.

3. Shinge, ruwa da rabon fili

Shinge ne ya fi cin kuɗi, don haka a yi masa dabara. Fili mai kusurwa huɗu daidai ya fi araha. Hekta ɗaya kewayenta mita 400 ne, amma hekta huɗu a dunƙule kewayensu mita 800 ne kawai. Ga hekta huɗun, waya mai ƙaya layi huɗu za ta ci mita 3,200, da turaku kimanin 270 in aka bar mita uku tsakani. A tambayi farashin nadin waya da tsawonsa a Birnin Kebbi ko Gusau a ranar da za a saya, domin yana canzawa. A shafa wa gindin turaku baƙin mai saboda gara, a ƙarfafa na kusurwa da tokari.

Wanda ba shi da kuɗin waya ya yi abin da iyaye suka yi: aguwa da dashi. Ana dasa rassansu a ƙarshen bazara, gab da saukar ruwa, a jere kusa da kusa, a toshe ƙasa da ƙaya har su kama. Shekara biyu sun zama katanga. Mafi kyau a haɗa biyun, waya ta riƙe yau, itace ya gaje ta gobe.

A raba cikin filin kashi takwas. Dalilin takwas zai fito a mataki na 6. Rabon ciki ba ya bukatar waya huɗu, igiya da yaro mai lura sun isa. A bar hanya ɗaya da kowane kashi zai fita zuwa ruwa, a bar gawo, marke da aduwa a tsaye don inuwa.

Babbar saniya tana shan lita 30 zuwa 50 a rana a bazara. Shanu goma lita 300 zuwa 500 ke nan, kullum. In babu rijiya ko burtsatse da za ta iya wannan a watan Afrilu, a gyara ruwa kafin a ƙara dabba.

Gargaɗi ga mutanen Anka, Bukkuyum da makwabta: kada a bari shanu su sha daga kududdufin da ake wanke ƙasar zinare, ko su yi kiwo inda ake niƙa dutsenta. Gubar dalma da ta kashe yara a yankin a 2010 tana kama dabba, tana kuma bin nono da nama.

4. Shuka ciyawa

Gamba ce ginshiƙi. Tana daɗewa shekaru, tana jure fari, kuma ita ce ke fara tsirowa da yayyafin farko lokacin da shanu suka fi galabaita. Hanya biyu ce. Ana tono tsohon gindi a raba shi gida-gida da saiwarsa, a dasa a layi, rabin mita zuwa mita ɗaya tsakani, a watan Yuli da ƙasa ta jiƙa sosai. Ko a shuka iri, kilo 5 zuwa 10 a hekta, a cuɗa shi da yashi saboda gashinsa yana manne wa juna, a rufe da ƙasa da ba ta wuce kaurin yatsa ba. Irin da aka girba bara ya fi sabo tsirowa. In aka binne shi da zurfi kamar dawa, ba za a ga komai ba. Ana samun irin ciyawa a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, amma gindin gamba na iyakar gona kyauta ne, kuma ya riga ya saba da ƙasar.

Kyasuwa tana fita da sauri, tana yin ciyawar ajiya mai kyau, sai dai shekara ɗaya take. A bar wani yanki ya zubar da iri. Harkiya, guɗe-guɗe da gadagi da ke fitowa da kansu a bar su, shanu suna son su. Mai fadama a gefen gulbin Rima ko kogin Kwara yana da burgu, wanda ke ba da ɗanyen abinci bayan ruwa ya janye.

Ciyawa kaɗai ba ta sa nama. Sai da dangin wake. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na filin ga wake mai yaɗo, gyaɗa ko lablab. Lablab yana cin iri kilo 15 zuwa 20 a hekta, yana kuma daɗewa da kore bayan wake ya bushe.

Gargaɗi: shekarar farko kada a saki shanu a sabuwar gamba. Za su tumɓuke ta da saiwa. A yanka da lauje sau ɗaya a ƙarshen damina a kai musu.

5. Zaɓen shanu

Bokolo ya fi dacewa da gandu: yana da sanyin hali, gajeren ƙaho, faɗin baya, yana kuma tara nama a kan abinci mara ƙarfi. Bunaji ma yana yi, ya fi jure tafiya. Rahaji dabbar doguwar tafiya ce, ba ta son shinge, ƙashi da ƙaho sun fi nama. Shanun Turai da ruwa-biyunsu a bar wa mai dusa da likita a kusa.

A kara, wato kasuwar shanu, a duba haƙoran gaba na ƙasa. Manya biyu, shekara biyu zuwa biyu da rabi. Huɗu, wajen uku. Takwas cif, ta kai biyar ko ta wuce. A sayi karsana mai biyu ko huɗu. A duba hanci ya kasance da laima, a sa ta ɗan gudu a saurara ko za ta yi tari, a shafa baya a ji ko akwai ɓawon kirci, a dubi gwiwa ko ta kumbura, domin alamar bakkale ce, ciwon da ke sa saniya ɓari. Ramammiya mai lafiya da aka saya a ƙarshen rani ta fi riba a kan mai ƙiba ta kaka, in dai akwai abin ba ta.

Gargaɗi biyu. Sabuwar dabba ta yi mako uku zuwa huɗu a turkenta daban, da kwanon ruwanta daban, kafin ta haɗu da garke. Ciwon huhu a jikin sabuwar dabba yake shigowa gida. Sannan kada a sayi dabba a bayan kasuwa saboda arha. A yankin da satar shanu ta yi yawa, a saya ta hannun sanannen dillali, a gaban shugabannin kara, a karɓi takarda.

6. Juya kiwo a damina

A shigar da shanu kashi ɗaya idan gamba ta kai tsakanin gwiwa da cinya. A fitar da su idan ta sauko zuwa taki ɗaya na hannu daga ƙasa. Kada su wuce kwana huɗu. Kashi takwas, kwana huɗu kowanne, yana nufin kowane kashi ya huta kwana 28 kafin a dawo masa. Riba biyu ce: ciyawa ta farfaɗo daga saiwa, kuma ƙwan tsutsar ciki da ke cikin kashin shanu yana bukatar kusan mako guda kafin ya zama mai kamuwa, shanu sun riga sun bar wurin.

A cikin marka ciyawa za ta fi ƙarfin shanu. Kada a bi ta. A rufe kashi biyu ko uku gaba ɗaya don girbi. Gambar da ta yi kara ta fitar da kai ta zama kayan zana, abincinta ya tafi.

Ruwan farko yana da haɗari. Dabbar da ta yi wata bakwai a kan busasshe, in aka sake ta da yunwa a kan sabon tsiro, za ta yi zawo ko kumburin ciki. A ba ta kara ko tattakar shinkafa da safe, a jira raɓa ta ɗaga, a fara da awa biyu, a riƙa ƙarawa har kwana goma. In hagun ciki ya kumbura ya yi kamar ganga, a ɗura mata man gyaɗa kimanin rabin lita a hankali, a tsayar da ita gaba ya fi baya tudu, a aika a kira malamin dabbobi.

Gargaɗi: gyauron dawa da ƙaramar dawar da fari ya kama suna da guba mai kashewa cikin awa ɗaya ko biyu. Ganyen samberu ma haka. A tsince leda daga filin, domin tana taruwa a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ana ta yi mata allura a banza.

7. Girbi da ajiya

Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba duk gidan ya fito. A yanke gamba da kyasuwa tun suna kore, kafin fure ya buɗe. A baza a rana kwana biyu zuwa uku ana juyawa. In aka murɗa tafin ciyawa ba ta fitar da ruwa ba, ba ta kuma karye kamar tsinke ba, ta yi. Harawa a naɗe ta da sassafe lokacin da take da sanyi, don ganyen ne abincin, kuma da rana yake kakkaɓewa.

A ɗora komai a kan rumfa ko dandamali mai tsawon gwiwa daga ƙasa, a rufe sama. Harawar da ta yi wata huɗu a rana a kan bishiya ta koma fari, rabin amfaninta ya tafi. A share ƙasa mita uku zuwa biyar kewaye da rumbun da filin saboda gobara. Kada a tara duka a wuri ɗaya.

Masu noman shinkafa a Argungu, Suru da gefen madatsar Bakolori suna da tattaka mai yawa da ake ƙonawa. A kwashe ta. Tana cika ciki, amma ita kaɗai ba ta riƙe jiki. Wadda ta yi baƙi ko take warin ruma a zubar.

8. Rani da bazara

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba da mai daɗi da wuri. Daga Nuwamba zuwa Janairu shanu su ci karan gona da abin da ya rage a fili, suna zuba taki a inda za a shuka dawa. Harawa a fara ta kaɗan-kaɗan daga Janairu, a ajiye mafi yawa da mafi kyau ga Maris zuwa Mayu. Kilo ɗaya da rabi zuwa biyu na harawa a rana ga kowace babba ya isa ya sa ta ci kara da kyau ta kuma narkar da shi. A sassare kara gajeru-gajeru a zuba a komi, a yayyafa ruwan gishiri ko na kanwa, abin da ake zubarwa zai ragu sosai. 'Ya'yan gawo a sa yara su tara a buhu, kilo ɗaya a rana babban taimako ne.

In abinci ya yi ƙaranci, ga jerin wanda za a fara ba: mai shayarwa, mai tsohon ciki, maraƙin da aka yaye, sannan saura. Gishirin lasa ya zauna a komi kullum. Saniyar da ta fara tauna ƙashi ko tsumma tana neman sinadarin da babu a ciyawa, kuma taunar mushe na iya shanye mata jiki.

A bazara a yi kiwo da sassafe da la'asar, a bar su a inuwa da tsakar rana. Da dare garke ya kwana kusa da gida.

9. Lafiya

Kiwon ciyawa ba ya nufin a bar rigakafi. A yi na ciwon huhu kowace shekara, na harbin daji da na saifa kafin damina. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ce ke yin yawancinsu, ana samunsu ta ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Allurar da ba a riƙe ta a ƙanƙara ba ruwa ce kawai.

Maganin tsutsa sau biyu: bayan damina ta kama, da kuma kaka. A auna shi da nauyin dabba, rabin awo shi ke sa tsutsa ta daina jin magani. Albendazol ba a ba saniyar da ke cikin makonni shida na farkon ciki. Shanun fadama suna kamuwa da tsutsar hanta daga ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance. Alamarta rama da kumburi a ƙarƙashin haɓa, kuma maganinta daban ne, a tambayi likita. A kudancin Kebbi, inda ake samun ƙudan tsando a bakin rafi, a lura da sammore. Kaska a cire ta duk mako a damina, a duba hantsa, kunne da ƙarƙashin wutsiya.

Gargaɗi: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura, kada a yanka, kada a feɗe. Saifa ce ake zato, tana kashe mutum. A kira jami'i, a binne da zurfi.

10. Barbara da haihuwa

Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki. A haɗa bijimi da mata daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da suka fi jiki, haihuwa ta faɗo Yuni zuwa Agusta a kan ɗanyar ciyawa. Bijimi ɗaya ya isa mata 20 zuwa 25, don haka gida mai shanu biyar ya haɗa kai da makwabci. A canza shi bayan shekara uku kada ya hau 'ya'yansa.

Maraƙi ya sha dakashi a cikin awa shida na farko, a tsoma cibiyarsa a aidin. Ga inda ake samun saɓani da uwargida: nono. In nama ake nema, a bar wa maraƙi aƙalla nono biyu cikin huɗu, a rani a bar masa duka. A yaye a wata bakwai zuwa takwas. Saniyar da ta yi ɓari a ware ta, a kwashe mabiyiya da safar hannu ko leda a binne, a kuma tafasa nono kafin a sha.

11. Sayarwa da rabon kuɗi

Sa mai cin ciyawa zalla ba ya sauri. Yana ƙaruwa kusan rabin kilo a rana a damina, a rani burin kawai kada ya ragu. Bokolo yakan kai kilo 300 zuwa 350 a shekara uku da rabi zuwa huɗu. Ana kimanta nauyi da tef ɗin tela: a auna kewayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba da tozo, a auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka a santimita. A ninka kewaye da kansa, a ninka da tsawo, a raba da 10,840. Kewaye 160 da tsawo 130 sun ba da kilo 307. Nama da ƙashi bayan fiɗa kusan rabin haka ne. Mai wannan lissafi a aljihu, dillali ba ya yi masa wasa.

Dabba ta fi cika a Oktoba da Nuwamba, kuma sayarwa a lokacin na rage bakunan da za a ciyar a rani. Babbar salla ta fi kuɗi, amma a 'yan shekarun nan tana faɗowa a ƙarshen bazara, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa. Wanda ke nufin kasuwar layya ya ware wa wannan sa harawar wata uku tun kaka, ya bar shi da tozonsa ba a dandaƙe ba, ya kuma tuna a mazhabar Malikiyya sai ya cika shekara uku. Dabbar da aka yi wa allura kada a kai ta mahauta sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika. Na teramaisin mai daɗewa a jiki yakan kai kusan mako huɗu.

In kuɗi ya shigo, a fara cire la'ada da kuɗin mota, a cire na rigakafi, gishiri da gyaran shinge na shekara mai zuwa, a ba mai kiwo haƙƙinsa, sannan mai dabbar ya karɓi saura a gaban shaidu biyu na gida, a soke sunanta a littafi. In garken ya kai 30, a kai littafin wurin malami ya duba zakka, domin shanun mutane da yawa da ke kiwo a haɗe suna da hukuncinsu.